Manyan Jiragen Ruwa a Tashoshin Legas: A Ina Rangwamen Ke Maƙalewa?

A cikin watan Janairun 2024 ne wani jirgin ruwa na kamfanin ƙasar Faransa, mai suna CMA CGM Scandola, ya tsaya a sabuwar tashar Lekki da ke gabashin Legas. Tsawonsa mita 366, wato ya ɗara filayen ƙwallo uku in an jera su, kuma yana iya ɗaukar kwantena kusan 15,000 masu tsawon ƙafa 20. Jami'an gwamnati sun je tarbarsa, jaridu kuma suka buga hotunansa. Amma ɗan kasuwar da ke zaune a Kantin Kwari ko kasuwar Singa a Kano, ko a Alaba Rago a nan Legas, tambayarsa ɗaya ce: shin zuwan irin wannan jirgi zai rage masa kuɗin da yake kashewa kafin hajarsa ta shiga shago? Darasinmu na wannan fitowa zai bi jirgin tun daga teku har inda kayan suke sauka, domin a ga inda ake samun rangwame da kuma inda yake salwanta.

Da farko ya kamata a san yadda ake auna waɗannan jirage. Ma'aunin shi ne kwantena mai ƙafa 20, ita kuwa mai ƙafa 40 ana ƙirga ta a matsayin biyu. Wannan akwatin ƙarfe bai daɗe a duniya ba. A watan Afrilun 1956 wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, ya ɗora akwatuna 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Kafin wannan lokaci leburori ne ke sauke kaya buhu-buhu da daro-daro, jirgi kuma yakan shafe makonni a gaɓa. A yau mafiya girma daga cikin jiragen kwantena suna ɗaukar fiye da 24,000, tsawonsu kuma ya kai mita 400.

Dalilin wannan girma lissafi ne kawai. Jirgin da ke ɗaukar kwantena 14,000 ba ya buƙatar ninkin ma'aikatan wanda ke ɗaukar 7,000, domin mutum ashirin da 'yan kai sun ishi kowannensu. Man da yake sha ma bai ninka ba. Saboda haka in aka raba kuɗin tafiyar a kan kowace kwantena, sai a tarar babban jirgi ya fi araha, kamar dai yadda dakon buhun masara a tirela ya fi sauƙi a kan dakonsa a a-kori-kura. Sai dai wannan araha tana da sharuɗɗa biyu: jirgin ya cika, kuma kada ya zauna. Jirgin ruwa ba ya samun kuɗi sai yana tafiya. Duk ranar da ya kwana yana jiran wurin tsayawa, mai shi yana asarar dubban daloli na haya da albashi da inshora, kuma ba shi zai haɗiye asarar ba. Zai mai da ita ƙarin kuɗin cunkoso a kan kowace kwantena, mai kaya ya biya, shi kuma ya ɗora wa mai saye.

Don haka kafin kamfani ya tura babban jirginsa wata tasha, abu uku yake dubawa: zurfin ruwa, ƙarfin injunan ɗaga kaya, da tsawon jira. Na farkon ne ya daɗe yana yi wa Legas tarnaƙi.

Legas ba ta samu mashigar ruwa mai zurfi daga Allah ba, haƙa ta aka yi. A farkon ƙarnin da ya wuce tudun yashi ne ya tare bakin mashigar, manyan jirage kan tsaya can waje, a riƙa kwaso kaya da fasinja a ƙananan jirage. Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen ganuwoyin dutse a cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma, suka yashe tsakaninsu, sai a 1914 jirgin teku na farko ya iya shiga ciki. A 1921 aka soma gina matsayan Apapa, aka gama huɗu na farko a 1926. (Waɗannan ganuwoyi ne suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, abin da ya sa teku ta yi shekaru tana cin gaɓar Bar Beach.) Har gobe yashi bai daina dawowa ba, shi ya sa aikin yashewa ba ya ƙarewa, kuma kuɗinsa yana cikin abin da jirage ke biya. Zurfin da Apapa da Tin Can ke iya bai wa jirgi bai wuce kimanin mita 13 da ɗoriya ba. Jirage masu tsawon mita 300 sun shiga can a 2023, amma samfurin Scandola cike da kaya yana buƙatar fiye da haka. Lekki kuwa an haƙa ta mita 16.5, kuma bakinta yana kallon teku kai tsaye.

Shigar jirgi tasha tana da ƙa'ida. Tun yana hanya wakilin kamfanin zai miƙa jerin kayan da ke ciki ga Hukumar Kula da Tashoshin Jiragen Ruwa, wato NPA, da kuma Hukumar Kwastan. In ya iso sai ya jefa anka a waje, a wurin da mazauna Victoria Island ke hango fitilun jirage jere da dare, har a ba shi matsayi. Kyaftin ɗin jirgi, kome ƙwarewarsa, ba ya shiga da kansa. Matuƙin tasha, wanda ya san kowane lungu na mashigar, shi ke hawa ya yi jagora, ƙananan jiragen ja kuma suna tura shi suna tallafa masa har ya jingina. Daga nan jami'an lafiya da na shige da fice da kwastan da sauran hukumomi su hau. Kowane mataki a cikin waɗannan kuɗi ne, kowane kuma yana iya zama jinkiri in jirgin ja ya lalace ko jami'i bai zo da wuri ba.

Ba jiragen kwantena kaɗai ke zuwa ba. Akwai masu ɗauko alkama da ɗanyen sukari da takin zamani a zube, waɗanda ke saukewa kusa da masana'antun fulawa da na sukari a Apapa. Akwai tankokin mai, da masu sanyi da ke kawo daskararren kifi, da kuma dogayen jiragen motoci na kamfanin Grimaldi da ke tsayawa a Tin Can, inda motocin da ake kira tokumbo suke fitowa a kan tayoyinsu. Amma yawancin hajar 'yan kasuwarmu, atamfa da shadda da kayan gyaran babura da na lantarki, a kwantena take zuwa, saboda haka a kanta za mu tsaya.

Wanda ke son ya fahimci tsadar zaman jirgi, to, ya waiwayi shekarar 1975. Kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikatun gwamnatin Janar Yakubu Gowon suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro kaɗai, a daidai lokacin da tashar Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin teku, wasu suka shafe watanni, siminti ya daskare a cikin wasunsu. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta tanadi biyan kuɗin jira a kowace rana, har ta kai wasu masu tsofaffin jirage sun gane cewa zaman jira ya fi dakon riba. Abinci da magani da injuna duk suka maƙale a bayan siminti. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta dakatar da biya, sai ƙararraki suka biyo baya a kotunan Landan da na Amurka, inda aka gurfanar da Babban Bankin Nijeriya. Wannan ta'asa ce ta haifi tashar Tin Can, wadda aka gina cikin gaggawa aka buɗe a watan Oktoban 1977.

A 2006 gwamnati ta sauya tsari. NPA, wadda ta soma aiki tun 1955 tana yin kome da kanta, ta koma mai gida, ta bayar da hayar matsayai ga kamfanoni masu zaman kansu. APM Terminals ya karɓi babban filin kwantena na Apapa. A gaskiya an ga canji ta ɓangaren ruwa: an kawo injuna, jiran jirage ya ragu ƙwarai. Amma cunkoson bai mutu ba, ƙaura ya yi daga ruwa zuwa tudu. Birni ya riga ya kewaye Apapa, hanyoyin shigarta biyu ne kacal, ta Ijora da ta Mile 2, ga kuma ɗimbin rumbunan mai a unguwar. Tsakanin 2017 da 2020 tireloli da tankoki sun mai da gadoji wurin kwana, direba ya yi kwanaki bai shiga tasha ba, masu karɓar na goro suka kafa shingaye, kuɗin fitar da kwantena zuwa cikin garin Legas ya yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairun 2021 aka ɓullo da tsarin Eto, wanda ke hana mota tunkarar tasha sai an kira ta ta na'ura. Tare da gyaran hanyar Oshodi zuwa Apapa, lamarin ya yi sauƙi, ko da yake direbobi ba su daina kokawa da masu cuwa-cuwar tikiti ba.

A cikin waɗannan shekaru maƙwabta ba su yi barci ba. Kamfanonin jirage suna da wata dabara: babban jirgi ya sauke kayan yanki gaba ɗaya a tasha guda mai zurfi, ƙananan jirage su rarraba zuwa sauran. Lome ta ƙasar Togo, wadda yawan jama'arta bai kai na Jihar Kano ba, ta buɗe sabon filin kwantena mai zurfin fiye da mita 16 a 2014 tare da haɗin gwiwar kamfanin MSC, ta zama zangon da ake juye kaya a Afirka ta Yamma. Tema a Gana da Abijan a Kodebuwa su ma suka faɗaɗa nasu. Sakamakon haka kwantenar da aka yi wa oda daga Sin zuwa Legas takan sauka a Lome tukuna, ta jira ƙaramin jirgi. Ɗagawa biyu ke nan a madadin ɗaya, ga ƙarin kwanaki. Wannan giɓi ne tashar Lekki ta zo cikewa. An kashe mata kimanin Dala miliyan dubu ɗaya da ɗari biyar, kamfanin China Harbour ya gina ta tare da Tolaram da Gwamnatin Jihar Legas da NPA, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2023, ta soma aikin kasuwanci a watan Afrilu.

To, yanzu ga babban jirgi ya iso. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Rangwamen da girman jirgi ke kawowa a kan kuɗin dakon teku kaɗai yake, kuma shi ma ba lallai ne ya iso hannun mai kaya ba. Kamfanonin da ke riƙe da wannan harka 'yan ƙalilan ne, MSC da Maersk da CMA CGM da COSCO da Hapag-Lloyd da wasu kaɗan, kuma farashinsu yana bin yanayin kasuwar duniya ne. A 2021, bayan annobar korona, matsakaicin kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin duniya ya haura Dala 10,000, alhali kafin annobar bai kai 2,000 ba, kuma jiragen ba su ƙanƙance ba. Haka nan da aka soma kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, suka koma zagayowa ta kudancin Afirka, jirage suka yi ƙaranci a ko'ina, farashi ya sake hawa. Akwai kuma ƙarin inshorar haɗarin yaƙi da ake ɗora wa jiragen da ke shigowa ruwanmu, gadon shekarun fashin teku. A 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirgi 130 a Mashigin Gini. Fashin ya ragu matuƙa bayan ƙaddamar da shirin tsaro na Deep Blue a 2021, amma masu inshora na Landan sun fi saurin ƙara kuɗi a kan rage shi. Abu ɗaya da ke taimakon mai kaya shi ne, kwastan na lissafa kuɗin fito a kan farashin kaya haɗe da dako da inshora, don haka duk Dalar da ta ragu a dako tana rage wani abu a fito.

Babban jirgi kuma yana zuwa da nasa nauyin. Abin da ƙananan jirage uku za su kawo a cikin mako guda, shi a kwana biyu zai zube shi. Mu ƙaddara ya sauke kwantena 3,000. In kowace za ta hau tirela guda mai tsawon mita 17, jerin motocin zai kai kilomita 51. Idan ƙofar tasha da hanya da jami'an bincike ba za su iya haɗiye wannan a kan kari ba, kayan za su taru a fili, a ɗora wata kan wata, mai neman tasa ya jira a ɗaga na sama. An buɗe Lekki ba tare da layin dogo ba, kuma hanyar Lekki zuwa Epe ita ce matatar man Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana da masana'antar takinsa suke amfani da ita. A ganina babban kuskure ne a sake maimaita tarihin Apapa a wurin da aka soma daga fili fetal. Kwale-kwalen dako da ke kwasar kwantena ta cikin tafkin Legas zuwa Ikorodu da wasu wurare suna rage nauyi, amma ba za su maye gurbin jirgin ƙasa ba.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya zauna da alƙalami. Daga ranar da kwantena ta taɓa ƙasa agogo uku ke soma bugawa. Na farko na kamfanin jirgi ne, wanda akwatin nasa ne: yana ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan sai kuɗin jinkiri, wanda ake kira dimorej, kuma ba ya tsayawa sai an mayar masa da akwatinsa fanko. Ga wanda zai kai kaya Kano ko Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa da wata dawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa da yawa suke juye kayan a Legas su ɗora a buɗaɗɗiyar mota. Na biyu na mai filin tasha ne, kuɗin ajiya, wanda ke hawa mataki-mataki, farashin mako na uku ya fi na makon farko nesa ba kusa ba. Na uku ba a rubuta shi a kowace takarda, shi ya sa ake mantawa da shi, wato jarin da ke kwance. Mu ƙaddara kayan Naira miliyan 100 ne, an ciyo bashin banki a kan ruwan kashi 30 cikin ɗari a shekara. Kowace rana Naira 82,000 ke tafiya, makonni uku na jinkiri sun cinye fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Wanda ba ya hulɗa da bashin ruwa ma bai tsira ba, domin kuɗin da ya kamata ya juya sau huɗu a shekara sai ya juya sau uku. Ƙari a kan haka, tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, farashin canjin da kwastan ke lissafi da shi yana bin kasuwa, kuma a 2024 an ga yadda ya riƙa sauyawa a cikin 'yan kwanaki.

Wani sashe na wannan jinkiri laifin hukumomi ne, musamman yawan buɗe kwantena da hannu a maimakon na'urar haskawa, da kuma tare kayan da aka riga aka sallama a kan hanya. Amma wani sashen daga wajen masu kaya yake. Fom M ana buɗe shi ne a banki kafin a yi lodi a can ƙasar waje. Takardar kimanta fito ta kwastan, wadda ake kira PAAR, ana iya samun ta tun jirgi yana kan teku, muddin takardun sun iso da wuri. Kayan da ke buƙatar shaidar SON ko NAFDAC a nemo ta tun kafin su taso. Abin da ya fi jawo tsaiko shi ne saɓani tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke cikin akwati, ko dai a nau'in kaya ko a ƙimarsu. Ejan da ya yi alkawarin fitar da kaya da rabin kuɗin fito ta hanyar sauya musu suna, sau da yawa rangwamen nasa a dimorej yake ƙarewa, in ma ba a ƙwace kayan ba. Haka kuma masu haɗa kuɗi su cika kwantena ɗaya su sani cewa haramtaccen kayan mutum guda ya isa ya tsare na kowa. Wanda kuma yake ganin kamfanin jirgi ko mai fili ya caje shi ba bisa ƙa'ida ba, Majalisar Masu Safarar Kaya ta Nijeriya, wadda aka ba ikon sa ido a kan farashin tashoshi a 2014, tana karɓar ƙorafi.

Ga 'yan kasuwar Arewa, maganar tana komawa kan layin dogo. Tun 1912 jirgin ƙasa ke haɗa Kano da Legas, kuma a kansa ne dalar gyaɗa ta riƙa gangarowa Apapa. An buɗe tashar tudu ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, da nufin a riƙa rubuta sunayensu a takardar lodi a matsayin zangon ƙarshe, kwantena ta wuce Legas a rufe, a yi binciken kwastan a gida. Tunani ne mai kyau, kuma zai iya jawo 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram waɗanda suka saba bi ta Kwatano da Lome. Sai dai tashar tudu ba ta da amfani sosai in tirela ce za ta kawo mata kayan. Sabon layin dogo na zamani da aka buɗe a 2021 ya shiga har cikin tashar Apapa, kuma a 2023 ya soma kai kwantena Moniya a Ibadan, amma tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa shi ba. Tsohon layin kuwa bai samu tsayayyen jadawalin da ɗan kasuwa zai gina lissafinsa a kai ba.

Akwai kuma abin da mai kallon jirgi daga gaɓa ba zai gane ba: yawancin kwantenonin da ake mayarwa cikinsa fanko ne. Muna shigo da kaya a akwati, amma babban abin da muke fitarwa, ɗanyen mai da iskar gas, a tanka yake tafiya. Kamfanin jirgi yana sane da cewa dawowar ba ta da riba, saboda haka yana ɗora kuɗinta a kan dakon zuwa. Ta ɗaya gefen wannan dama ce ga masu riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da kirgi, domin gurbi a jirgin da zai koma Asiya yana da yawa, kuma yakan fi na zuwa araha. An keɓe filin Lilypond a Ijora domin tantance kayan fitarwa kafin su shiga tasha. Mai fitar da kaya yana buƙatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, da fom ɗin NXP daga bankinsa, da shaidar hukumar kula da lafiyar tsirrai, sannan ya tuna cewa kowane jirgi yana da ranar rufe karɓar kaya. Riɗin da ya taso daga Maigatari ya makara da kwana ɗaya a hanya zai zauna a zafin Legas da laimarta har jirgi na gaba, mai saye a Japan ko Turkiyya kuma zai auna danshinsa kafin ya biya.